Wa Ya Tambayi Amarya?

Ya kai mai karatu, ka san ƙarshen tatsuniya tun ba a kai tsakiyarta ba. Ƴar bora ta sha wuya, ta yi haƙuri, ta auri ɗan sarki. Ƴar mowa ta yi rashin kunya, halinta ya kama ta. Duk mun ji wannan a tsakar gida da farin wata. Amma ka taɓa jin inda aka ja ƴar bora gefe, aka tambaye ta ko tana son ɗan sarkin nan?

Wannan tambaya ita ce gindin littafin ban dariya da za mu duba yau. Sunansa da Ingilishi Witches Abroad, da Faransanci kuwa Mécomptes de fées. Wani mutumin Ingila, Terry Pratchett, ya fid da shi a 1991. Ya rasu a 2015, ya bar littattafai 41 game da wata duniya shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, wadda giwaye huɗu suke ɗauke da ita bisa bayan ƙaton kunkuru. Wannan shi ne na 12.

Wanda ya yi lakwal ya san Cendrillon, tatsuniyar da Charles Perrault ya buga a Faransa a 1697. Matar uba tana gallaza wa marainiya. Wata aljana ta mai da mata kabewa keken doki, ta je bikin fada, ta yar da takalmi, ɗan sarki ya bi sawu ya aure ta. Pratchett ya ɗauki labarin nan ya kife shi.

A littafinsa bokaye mata uku ne suka bar ƙauyensu, suka nufi wani birni mai nisa, Genua, don su hana wata yarinya, Ella, auren ɗan sarki. Su ne irin matan da ake kira in haihuwa ta zo da gardama ko saniya ta kwanta. Babbarsu Weatherwax, tsohuwa ce mai taurin kai. Ogg mai son ci da sha da waƙar banza. Ƙaramarsu Magrat ita ta gaji sandar tsafi, amma duk abin da ta nuna da ita sai ya zama kabewa. Ka ga jaruman: ba doki, ba takobi, sai gardama a hanya. Ango kuma, ashe kwaɗo ne aka mai da shi mutum. Yana ɓoye idanunsa da baƙin tabarau, da dare ya kwana cikin ruwa.

Za ka yi dariya, babu shakka. Amma ƙarfin littafin yana wurin muguwar labarin, Lilith, ƴar'uwar Weatherwax. Ba ta ɗauki kanta muguwa ba. Ita a ganinta alheri take yi. Ta mallake Genua, ta ce dole kowa ya zauna yadda tatsuniya ta tsara, dole kowa ya yi farin ciki. Har wani mai sassaƙa kayan wasan yara aka kama, laifinsa ba ya fito in yana aiki, ba ya yi wa yara tatsuniya. Ella kuwa, tunda marainiya ce mai aikin murhu, sai ta auri ɗan sarki, ko tana so ko ba ta so.

Akwai wuri guda da dariya take yankewa. A daji matan suka gamu da kyarkecin nan na tatsuniya mai cinye tsohuwa. Ashe tun shekaru Lilith ta cusa masa tunanin mutum don labari ya yi daidai. Bai zama mutum ba, bai koma dabba ba, ya rame, ya gaji. Da kansa ya roƙi a kashe shi. Weatherwax ta sa aka bisne shi, kuma ta sa masu saran itace su riƙa lura da tsohuwar da aka bari ita kaɗai a daji. A nan na san marubucin ba wasa kawai yake yi ba. Yana ƙidaya waɗanda tatsuniya take takawa ta wuce don jarumi ya kai fada.

Littafin bai rasa aibi ba. Tafiyar matan kafin su isa Genua ta yi tsawo, wasu wasannin kuma na yi wa baƙo ba'a ne kurum. Sa'an nan dariyar da yawa tana jingine da tatsuniyoyin Turawa. Wanda bai san su ba, zai zama kamar baƙon da ya iske ana wasan tobasai: kowa na ƙyalƙyala, shi yana kallo. Wasa da kalmomi ma ba duka ne yake tsallake fassara ba.

Duk da haka ya cancanci karatu. A ƙarshe Ella ba ta auri kowa ba, sarautar birnin ta hau, don ashe ɗiyar mai garin ce da aka kashe. Kana iya cewa marubucin ma tatsuniya ta ja shi, tunda marainiya ta ƙare a fada. Gaskiya ne. Bambancin shi ne, ba a kai ta can a matsayin tukuicin wani ba.

Mu ma mun san darajar ba'a, tunda muna da Gizo, wanda ba ya barin girman kai ya zauna lafiya. Saboda haka, in dare ya yi ka kai ƙarshen tatsuniya, kafin ka ce ƙurunƙus, tambayi ɗiyarka: “Da ke ce, da kin yarda?” Kuma ka yi haƙuri ka saurari amsarta.