Tauraron Ma Ɗan Wani Ne: Sharhi Kan Kukan Iyaye Game da Matasan da Suka Yi Suna

Babban Mutum gari ne na kan iyaka a ƙaramar hukumar Ɓaure, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura. A da, kafin sabon yayin Kano ya iso irin wannan gari, sai an kawo kaset ko faifai daga birni. Yanzu kuwa wayar hannu ta ɗauke wannan tazara: bidiyon da wata budurwa ta ɗora a TikTok da hantsi, kafin la'asar 'yan mata sun koyi rawarta da ɗaurin kallabinta. Daga nan kukan iyaye ya taso, cewa yaran da ba su gama tarbiyyantuwa ba su ne suka zama abin koyin 'ya'yansu.

Kukan yana da tushe. Alƙur'ani ya kafa mas'alar koyi a aya ta 21 ta Suratul Ahzab, Imam Gazali kuma ya yi bayani a Ihya'u cewa zuciyar yaro tana karɓar duk abin da aka zana mata, ya kuma ja kunne game da abokan banza. Sai dai yadda ake gabatar da kukan a wa'azi da zaurukan hira yana da rauni. Ana magana kamar ƙuruciyar tauraron ce aibin, alhali Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shugabantar da Usama ɗan Zaidu a kan rundunar da manyan sahabbai ke ciki, yana matashi. Abin tambaya shi ne da me aka yi sunan.

Haka nan an dogara da hani fiye da kima. Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, aka tsananta dokoki bayan abin kunyar 2007, ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau a 2016, a shekarar ce kuma aka janye shirin dandalin fim na Ƙofa bayan malamai sun yi ca a kai. A 2024 taƙaddama kan yadda Hisba ke kamen masu baɗala, ciki har da 'yan TikTok, ta kai Shaikh Aminu Daurawa ga ajiye muƙaminsa na 'yan kwanaki. Duk waɗannan matakai an tsara su ne don masana'anta mai furodusa da ofis da rajista. Yarinyar da ke ɗaukar kanta a ƙuryar ɗakin mahaifiyarta ba ta da ko ɗaya, kuma kamfanin TikTok, da ya ce sai mai shekara 13 zai yi rajista, yakan karɓi shekarun da yaro ya rubuta da hannunsa.

Babban giɓin kuwa shi ne an manta cewa tauraron ma ɗan wani ne. Ana kallonsa a matsayin annoba da za a kare 'ya'ya daga gare ta, ba a tuna cewa shi ne farkon wanda shuhura ta cinye. Gazali ya ware babi guda kan zargin son girma da riya, yana yi wa manyan malamai da masu ibada gargaɗi. Idan dattijo mai furfura yana tsoron wannan cuta, ina ga ɗan shekara 15 da dubban baƙi ke yabo da safe, su zage shi da dare? Wannan bai tsaya kan masu rawa ba. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara a 1986, ta fitar da matasan da kowane uba zai so ɗansa ya yi koyi da su. Amma ƙaramin mahaddaci ko yaro mai wa'azi da ake yawo da bidiyonsa don tara mabiya yana kan siraɗin da abokinsa mawaƙi yake kai, sai dai shi ba mai tausaya masa, domin kowa na ganin alheri ne.

A nan fiƙihu yake da aikin da bai yi ba tukuna. Malikiyya sun yi dogon bayani kan hajaru, wato tsare dukiyar yaro a hannun waliyyinsa har ya nuna hankalin riƙe ta, da sharaɗin waliyyin ya yi tasarrufi don maslahar yaron kaɗai. Kuɗin talla da kyaututtukan da ƙaramin tauraro ke samu dukiyarsa ce a shari'a. Uba ko yayan da ke riƙe masa kyamara, yana kuma karɓar kuɗin, waliyyi ne da ribarsa ta rataya ga ci gaba da nuna yaron, kuma irin wannan waliyyi ne malamanmu suka ba alƙali ikon bincikarsa.