Tsarin Zane a Allon Mai Aski na Zangon Kwatano

A Zangon Kwatano, inda Hausa ke gogayya da Fon da Yarbanci da Faransanci, allon shagon aski bai dogara da rubutu ba. Mai zane kan jera kawuna ta gefe, domin ta nan layin aski daga goshi zuwa ƙeya yake fitowa sarai. Fuskokin kusan iri ɗaya ne, an rage musu ado don ido ya tsaya kan gashi. Rauninsa cunkoso ne: idan kawuna suka yi yawa, girmansu ɗaya, mai kallo kan rasa inda zai fara. Fastocin kwamfuta da ke maye gurbin allunan sun fi fama da wannan, tun da kyamara na kwaso riga da murmushi da komai.