Jitar Kabon Da Masu Rantsuwa Da Itace

Wani abokin kiɗa da muka daɗe muna haɗuwa da yammacin Asabar ya ɗauki jitata ta zaren kabon, ya ɗan taɓa ta, ya ajiye, ya ce: "Malam, wannan ai bokitin roba ne aka ɗaura wa tsirkiya. Ba ta da rai." Ba shi kaɗai ke faɗin haka ba. Duk inda masu kiɗan sha'awa irina suka taru, da zarar an ga baƙar jita mai saƙa a jikinta sai a soma taɓe baki. Na yi shekaru ina kaɗa ta itace kafin in sayi wannan, har yau kuma ina da su duka biyu, don haka ina ganin ina da bakin magana.

Tarihin ba shi da tsawo. Siffar jitar da muka sani ta zauna ne a hannun Antonio de Torres na ƙasar Sifen, wanda ya rasu a 1892. A Amurka kuma gidan Martin, da aka kafa a 1833, ya yaɗa ɗaurin katako mai gicciye a ƙarƙashin fuskar jita, wanda daga baya ya ba ta ƙarfin ɗaukar tsirkiyar ƙarfe. A 1966 Charles Kaman, mai ƙera jirage masu saukar ungulu, ya fito da jitar Ovation mai bayan ƙwarya na zaren gilashi, bayan kamar shekara goma ya sa kabon a fuskar wata jitarsa mai suna Adamas. RainSong ta fara ƙera jitar kabon a Hawai, Emerald ta biyo baya a Donegal ta ƙasar Ayalan, yanzu kuma Lava da Enya na ƙasar Sin sun karya farashi, ko da yake masu arahar an gauraya musu kabon da wata roba mai tauri.

Masu cewa ran jita yana cikin itace mai daraja sun manta da Torres kansa. A 1862 ya ƙera jita wadda bayanta da gefenta duk takarda ce da aka jiƙa aka daskarar, don ya nuna cewa fuska ce ke magana. Tana nan a gidan tarihin kiɗa na Basalona. A 2018 aka buga wani bincike da aka yi a Ingila: jita shida daga hannun maƙeri ɗaya, bambancinsu itacen baya da gefe kawai, aka ba makaɗa 52 su kaɗa ba tare da sun gani da kyau ba. Da ƙyar suka iya rarrabewa. Batun itacen rozwud na Barazil da ake ta yi mana alfahari da shi ke nan, ba zan ƙara ɓata tawada a kansa ba.

Amma fuska ita ce magana, kuma a nan dole in yi adalci. Itacen sifurus da ake yin fuska da shi yana shanye wani sashe na ƙarar sama, ya bar tsakiyar amo da kauri. Idan aka share tsirkiya shida gaba ɗaya, sautukan sai su narke cikin juna kamar man shanu a tuwo mai zafi. Kabon bai iya wannan ba. Ba ya shanye komai sosai, abin da aka ba shi shi yake mayarwa. Wanda duk kiɗansa shara ne yana rera waƙa a kai, ya riƙe itacensa, ba ni da ja.

Ni ba haka nake kiɗa ba, kuma yawancin waɗanda muka koya da kunne daga Ali Farka Ture da samarin Agadas irin su Bombino ba haka muke yi ba. Babban yatsa ne ke riƙe da tsirkiyar ƙasa, yana ta maimaita sauti ɗaya kamar tafiyar raƙumi, manuniya tana zana waƙa a sama. Gefen tafin hannun dama yana kwance a kan tsirkiyoyi dab da jakin da suke hawa, yana danne su kaɗan. Wannan dannewar ita ce sirrin. Idan hannu ya matsa gaba da faɗin yatsa guda, sauti ya mutu murus. Idan ya ja baya, ƙasa ta yi ta gunji ta rufe waƙar. Akwai wani ɗan wuri a tsakani inda sautin ke fita gajere, mai dunƙule, kusa da na gurmi, ya buga ya ɗauke. A jitar itace wannan wurin ƙunci gare shi, domin itace ya riga ya rage kaifin bugun, hannu ya zo ya ƙara ragewa, sai a sami duhu. A kabon kuwa kaifin yana nan da yawa, hannu ne ke yanke shawarar nawa za a bari. Tsawon amo da ake zargin kabon da shi, wai ya cika ƙara kamar gwangwani, dukiya ce ga mai danne tsirkiya. Mai yawa shi ake ragewa.

Sai hannun hagu. Rabin waƙar irin wannan kiɗa ba a taɓa ta da dama ko kaɗan. Yatsa ya sauka da ƙarfi a kan tsirkiya ta yi magana, ya fizge ta sake yin wata, a jere da sauri, uku ko huɗu daga bugu ɗaya. Wannan ado yana rayuwa ne a kan tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarafan wuya. A tsakiyar wuya tazarar ba ta wuce milimita 2 zuwa 2.5. Ƙara rabin milimita, sai saukar yatsa ta yi rauni, sauti na uku ya ɓace. Rage rabin milimita, sai tsirkiya ta dinga gogar ƙarfe tana zizza.

To wannan rabin milimitar ita ce abin da itace ya kasa riƙe mana a ƙasar nan. Masu ƙera jita suna so a ajiye ta inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Kano ko Damagaram, cikin hunturu danshi kan sauka ƙasa da kashi 20, a watan Agusta kuma ya haura 70. Itace yana kumbura yana tsukewa ta faɗinsa, ga tsirkiyoyi shida suna jansa da nauyin da ya kai kilo 70 dare da rana. Da damina fuska ta tasa ciki, tsirkiya ta yi sama, yatsa ya sha wuya. Da hunturu fuska ta lotsa, bakin ƙarafa ya fito yana yankar hannu. Jitata ta itace ta farko a watan Janairu ta tsage, daga jaki har gindi, ina kwance da dare na ji ƙarar. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, itacen da ya girma a dajin Alaska bai san iskar da ke fasa leɓe da diddige ba. Ana cewa a sa jiƙaƙƙen soso a akwati, a rufe. Na yi. Sakamakonsa shi ne jita ta koma zama a akwati wata huɗu, ni kuma na koma kallon akwati.

Ta kabon a jingine take a bango, rani da damina. Na dawo daga aiki, kafin a kira magariba, minti goma sha biyar sun ishe ni, kuma sau da yawa saitin jiya yana nan. Hannun mai sha'awa ba ya samun awa shida a rana irin na ɗan sana'a, da waɗannan mintocin yake girma. Tana da aibunta: baƙa ce, idan aka bar ta a rana ko a mota cikin bazara sai ta ɗau zafi. In ta fashe, kafinta ba zai iya mata komai ba. Ta gasken kuma da wuya a same ta ƙasa da dala 1,000. Ba ta ƙara zaƙi da tsufa yadda ake faɗa game da itace, amma ban ga amfanin alkawarin shekara ashirin ga jitar da ba za ta ga hunturu uku ba.

Abin da ya fi damuna a maganar abokina shi ne aro ce. Mu ba mu taɓa auna kayan kiɗa da darajar abin da aka yi su da shi ba. Kuntigin Ɗan Maraya Jos gwangwanin kifi ne da fatar akuya da tsirkiya ɗaya, da shi ya zaga duniya har ya rasu a 2015, ba wanda ya ce ba shi da rai. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Ƙwarya, fata, gwangwani, waya: abin da ya jure ƙasa ya kuma amsa hannu, shi makaɗanmu suka ɗauka. Kabon a wannan layin yake, ya fi kusa da kuntigi fiye da jitar da sai an yi mata jinya.

Ga wanda ke tara kuɗin jitarsa ta biyu, roƙona ɗaya ne. Ka nemi ta kabon cikin Janairu, ka kwantar da gefen hannunka dab da jaki, ka kaɗa abin da ka saba kaɗawa na rabin awa kafin ka yanke hukunci.