Gwanintar Mai Kalangu Wajen Karɓar Waƙa Daga Bakin Mawaƙi

A ƙasar Bagudo, tun daga Illo da Lolo da ke kusa da kogin Kwara har Ka'oje da Tsamiya, inda hanya ke ƙetarawa zuwa Segbana ta Jamhuriyar Benin, da an kammala girbi sai kiɗa ya tashi: ga bukukuwan aure, ga dambe, ga kokawa. Idon jama'a yana kan mawaƙi, shi ake yi wa kari. Ni kuwa wanda ya fi burge ni shi ne na bayansa mai kalangu a hammata, wanda ke ɗauko waƙa daga maƙogwaron wani ya sa fata ta faɗe ta.

Abin da ya ba shi wannan dama yana cikin harshenmu. Kowace gaɓa ta Hausa tana da karinta, na sama ko na ƙasa ko faɗau, kuma tana da nauyi ko sauƙi. Kalangu itace ne mai siririyar tsakiya, da fata a baki biyu, igiyoyin fata sun haɗa su. In makaɗi ya matse igiyoyin da damtsensa, fata ta ɗaure, amo ya hau. In ya sassauta, amo ya sauka. Faɗau ne wurin gane gwani: zai buga gula yana matse, ya saki kafin amon ya mutu, sai ka ji sautin ya gangaro yadda yake gangarowa a baki. In ya makara da ƙiftawar ido, maganar ta lalace.

Sai dai kalangu ba shi da baƙi, ba shi da wasali. Kari da tsawon gaɓa kaɗai yake iya ɗauka, kuma jimloli da yawa kan yi kama da juna ta nan. Saboda haka makaɗi ba kwafa kawai yake yi ba, zaɓe yake yi: wace gaɓa zai ƙarfafa, wace zai taɓa da yatsun hagu a kan fata, wace zai bari shiru ya cike gurbinta. Shi ya sa ɗan dambe kan tsinkayi takensa daga nesa, ba wanda ya ambaci sunansa, tsuma ta kama shi. Wanda ya saurari waƙoƙin Ɗan Anace na 'yan dambe, ko na Mamman Shata da ya rasu a 1999, ya san wani lokaci baki kan yi shiru, kalangu ya ƙarasa zancen, kuma kowa ya fahimta.

Masu rubuta kiɗa a kwamfuta suna da irin wannan aiki. A manhajoji kamar MuseScore da Sibelius, jerin layuka biyar ɗin da ake rubuta sauti a kai yana ɗaukar muryoyi har 4. Alamomin murya ta ɗaya sandunansu na kallon sama, na ta biyu na kallon ƙasa, don mawaƙan coci masu siririyar murya da masu bi musu su karanta daga layi guda ba tare da rikicewa ba. A MuseScore, abin da ka kwafo daga murya ta ɗaya a murya ta ɗaya yake sauka, ya shafe abin da ya tarar. Don haka wanda ya san hannunsa sai ya manna shi a fili marar komai, ya musanya muryoyin, sannan ya kai shi mazauninsa. Bayan nan ma da saura, sai ya ɗaga ko ya saukar da sautin gwargwadon maƙogwaron da zai rera. Aiki ne na haƙuri, ina kuma ganin girman masu yinsa. Amma su suna da damar gogewa su sake. Mai kalangu a tsakiyar fage yake, mawaƙi na iya ƙago sabon ɗan waƙa nan take don wani baƙo ya shigo, shi kuwa dole ya cafe.

'Yan amshi ma haka. A kiɗan fada irin na Narambaɗa da Ɗanƙwairo, da na Aliyu Ɗandawo a Argungu da ɗansa Sani a Yawuri, jagora kan fara layi ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su karɓe daidai inda ya ajiye, da sauti ɗaya da numfashi ɗaya, har su yi ƙari kafin su koma gindin waƙa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya daɗe yana nazarin wannan tsari.

A bakin iyaka kuma nauyin ya ƙaru, domin taro ɗaya kan haɗa Bahaushe da Badandi da Bazabarme da Bafulatani. Dandanci da Zabarmanci suna da karin sauti irin nasu, wanda ba lallai ya dace da na Hausa ba, Fulatanci kuwa ba ya rarrabe kalmomi da kari. Makaɗin da ke bin bukukuwa tsakanin nan da ƙetare sai kunnensa ya saba da su duka.

Ba a koyon wannan a takarda. Yaro kan fara da ƙaramar ganga irin su kuntuku ko ɗan karɓi, yana riƙe bugu ɗaya ba ya kaucewa, yana haddace taken gidaje da na sana'o'i, na mahauta daban, na manoma daban. Sai ubangidansa ya gamsu da kunnensa sannan ya miƙa masa babban kalangu.