Wasiyya da Marsiyya a Fim: Nazari a Kan Djibril Diop Mambéty

1.0 Gabatarwa

A al'adar Hausawa, mutumin da ya hangi ƙarshensa yakan bar wasiyya, waɗanda ya bari kuma sukan yi masa marsiyya, su ambaci halayensa da abin da ya shuka. Wannan takarda za ta duba yadda abubuwan nan biyu suka bayyana a fim, ta hanyar nazarin Djibril Diop Mambéty, mai shirya fina-finai ɗan ƙasar Senigal, wanda ciwon dajin huhu ya yi ajalinsa a birnin Paris ranar 23 ga Yuli, 1998, yana da shekara 53. Za a ɗauki fim ɗinsa na ƙarshe, La Petite Vendeuse de Soleil (1999), a matsayin wasiyya, sannan Mille Soleils (2013) na Mati Diop a matsayin marsiyya. Tambayar da za a amsa ita ce: shin Mambéty ya sassauta tarken da ya saba yi wa al'umma ne a fim ɗinsa na ƙarshe, ko kuwa hanya kawai ya sauya masa?

2.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Mambéty a shekarar 1945 a Colobane, cikin yankin Dakar. Mahaifinsa limami ne. Ya fara da wasan kwaikwayo na daɓe a gidan wasa na Daniel Sorano, inda daga baya aka sallame shi, ya koma harkar fim ba tare da ya shiga makarantar koyon ta ba. Dogayen fina-finansa biyu ne kacal: Touki Bouki (1973) da Hyènes (1992). Bayan su ya ƙudurta yin gajerun fina-finai uku a kan rayuwar talakawa. Ya fitar da Le Franc a 1994, na biyu ya fito bayan rasuwarsa, na uku kuwa bai samu yin sa ba.

3.0 Kura a Matsayin Tubalin Jigo

Ɗalibin da ya san tatsuniyoyin Hausa ba zai sha wahalar gane Mambéty ba, domin kura ce ginshiƙin tunaninsa. A harshen Wolof, bouki ita ce kura, ma'anar Touki Bouki kuwa ita ce "Tafiyar Kura". Kamar yadda take a tatsuniyar Gizo, kurar Wolof ma haɗama ce ke kai ta ga halaka. A wannan fim, Mory da Anta sun yi sata da yaudara domin su sami kuɗin zuwa Paris, amma da aka zo hawa jirgin ruwa sai Anta ta shiga, Mory ya juya da gudu.

A Hyènes, wato "Kuraye", wanda ya gina a kan wani wasan kwaikwayo na Friedrich Dürrenmatt, gari guda ne ya zama kura. Linguère Ramatou ta dawo Colobane da dukiya mai ɗimbin yawa, ta ce za ta ba mutanen garin idan suka kashe Draman Drameh, wanda ya yi mata ciki tana budurwa ya kuma musanta. Da farko sun ƙi, daga baya suka shiga cin bashin kayan alatu, har ya zamana ba su da mafita sai ran Draman. Daga nan ake gane irin kaifin tarken Mambéty: bai ware talaka ya wanke shi ba.

4.0 Fim ɗin Ƙarshe a Matsayin Wasiyya

4.1 Warwarar Jigo

Tauraruwar fim ɗin, Sili, yarinya ce mai tafiya da sanduna biyu, kakarta kuma makauniya ce mai bara. Bayan yara maza masu tallan jarida sun banke ta ta faɗi, sai ta yanke shawarar ita ma za ta sayar da jaridar Le Soleil, wato "Rana". A ranar farko wani mutum ya saye jaridunta duka, ya ba ta takardar jaka goma ta sefa. Ɗan sanda ya zarge ta da sata, ta bi shi ofis ta kare kanta. Da kuɗin ta saya wa kakarta laima, ta raba wa mabarata saura. Yaran nan ba su ƙyale ta ba: sun jefa sandarta cikin teku, abokinta Babou ya shiga ya ciro. A ƙarshe suka ƙwace sandar suka gudu, Babou ya goya ta suka ci gaba da tafiya.

4.2 Kuɗi da 'Yanci

Jigon kuɗi ya haɗa wannan fim da Le Franc, wanda ya fito a shekarar da aka karya darajar sefa. A watan Janairu na 1994, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa sefa 100. Wannan mataki bai tsaya a Dakar ba. Ɗan kasuwa a zangon Paraku, inda layin dogo daga Kwatano ya tuƙe, ko a Jugu, tsohon zangon fataken goro masu zuwa Gwanja, da kuɗin nan yake ciniki, kuma dare ɗaya ya wayi gari abin da ya tara ya rasa rabin ƙarfinsa a kan kayan waje. Saboda haka, lokacin da Sili ke shelar kanun labarin da Mambéty ya ƙaga, cewa Afirka ta fice daga tsarin faran, buri ne na mutane da yawa aka sanya a bakin yarinyar da ba ta iya karatu ba.

4.3 Rauni da Ƙarfi

Ana iya kushe fim ɗin ta fuska biyu. Ta farko, sa'a ta yi yawa a cikinsa: samun mai ba da jaka goma da saurin sakin da ɗan sanda ya yi ba abin da ɗan talla ke gani kullum ba ne. Ta biyu, ba a zurfafa halayen yaran da ke tsangwamar Sili ba, alhali su ma talauci ne ya fito da su titi.

Sai dai idan aka lura, zubin fim ɗin na tatsuniya ne, kuma a tatsuniya ba a tuhumar sa'a. Abin dubawa shi ne yadda aka rufe labari. Mambéty bai mayar wa Sili da sandarta ba, bai warkar da ƙafarta ba, bai hukunta yaran ba. Kurayen suna nan, sun ma ƙara ƙanƙanta har sun zama yara masu cin junansu a kan kwabo. Abin da ya sauya shi ne, a Hyènes ba wanda ya tsaya wa Draman, a nan kuwa an sami mai goyo. Ashe ke nan tarken bai yi sanyi ba. Uba ne ya ƙara masa nasiha, yana gaya wa 'ya'ya cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya kuma sadaukar da fim ɗin ga jarumtar yaran titi.

5.0 Mille Soleils a Matsayin Marsiyya

Mati Diop 'yar Wasis Diop ce, ƙanin Mambéty, mawaƙin da ya yi wa fina-finan wansa kiɗa. A wurin Bahaushe, wan uba uba ne, don haka marsiyyar 'ya ce ga mahaifi. Abin sha'awa shi ne ba ta jero yabo ba. Ta nemo Magaye Niang, wanda ya fito a matsayin Mory, shekara 40 bayan Touki Bouki, ta nuna shi da furfura yana kora shanu a Dakar, sannan ya je wurin da ake nuna tsohon fim ɗin, yara suka ƙi yarda cewa shi ne saurayin da ke kan majigi. Ta haka ta mayar da tambayar da Mambéty ya bari: wanda ya tafi da wanda ya zauna, wa ya yi asara? Irin wannan bibiya ta abin da ya tafi ce ta kai ta Jamhuriyar Benin, inda ta yi Dahomey (2024) a kan kayan tarihi 26 da Faransa ta maido a 2021, fim ɗin da ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Balin.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa fim ɗin ƙarshe na Mambéty bai rabu da jigon kura ba, sai dai ya nuna yadda mai rauni zai rayu a tsakiyar kuraye. An kuma ga cewa marsiyya ba lalle ne ta zama jerin yabo ba. Tana iya zama ci gaba da muhawarar da mamaci ya fara. Zai yi kyau ɗalibai su gwada wannan ma'auni a kan waƙoƙin marsiyya na Hausa, su duba waɗanne ne suka tsaya ga yabon mamaci, waɗanne ne kuma suka ɗauki aikinsa suka ɗora.