Jinjina ga Masu Tukubar Dare

Da an idar da sallar isha'i, a Karkarna ne ko a bakin titin Kano zuwa Daura da ya ratsa Kazaure, hayaƙin tukuba ke kiran jama'a. Tun la'asar mai tsire ya yanka naman fale-fale, ya soke a tsinke, ya baɗe da garin ƙuli-ƙuli da yaji, ya kafa kewaye da garwashi. Yana juya tsinke, yana yayyafa man gyaɗa, amma idonsa na kan masu wucewa: "Alhaji, ɗanɗana wannan tukuna." Wannan ɗanɗanon kyautar kuwa shi ke kwance bakin aljihu.

A gefe mai shayi na sheƙa shayi tsakanin kofi biyu. Direban Babura, ɗalibin kwalejin Hussaini Adamu, manomin Roni ko Gwiwa, duk benci ɗaya ke ɗaukarsu, hira ta ɓarke. A Japan ma ma'aikata kan yada zango a irin wannan wuri bayan tashi daga aiki, su ci tsiren kaza, sai dai su da giya suke korawa.

Masu tukuba, sannunku da aiki. Ku kuma masu cin bashi, don Allah a riƙa biya kafin kasuwa ta zagayo.