Talla Daban, Bidiyo Daban

Ana saura kwana shida a yi zaɓen 'yan majalisar Amurka na 6 ga Nuwamban 2018, Shugaba Donald Trump ya saka wani bidiyo a shafinsa na Twitter. A ciki an nuna Luis Bracamontes, ɗan ƙasar Meziko da ya kashe jami'an tsaro biyu a Kalifoniya a 2014, aka haɗa hotonsa da na ayarin baƙin haure da ke tahowa daga Amurka ta Tsakiya. Rubutun da ke kai ya ce 'yan jam'iyyar Dimokurat ne suka bar shi ya shigo ƙasar.

Abin da nake suka shi ne yadda rahotanni da dama suka cakuɗa abu biyu. Akwai wancan bidiyo da aka saka kyauta, akwai kuma gajeren talla mai daƙiƙa 30 da kwamitin yaƙin neman zaɓen Trump ya biya kuɗi a yaɗa. Zargin cewa Dimokurat suka shigo da mutumin yana cikin na farko, babu shi a na biyu. Zargin kuma bai da tushe, domin an kore shi a 1997 zamanin Clinton, aka sake korarsa a 2001 zamanin Bush.

CNN ta ƙi karɓar tallan. NBC ta nuna shi ranar 4 ga Nuwamba, washegari ta janye, haka ma Fox News. Sai kanun labarai suka ce Facebook ya cire shi. Abin da kamfanin ya yi kawai shi ne ya daina karɓar kuɗin tallata shi. Mai so yana iya ci gaba da rabawa. Wanda ya tsaya ga kanu zai ɗauka an rufe ƙofa, alhali tana buɗe.

Ba na ganin uzuri a nan, tun da a watan Mayun shekarar Facebook ya buɗe rumbun tallace-tallacen siyasa, inda kowa ke iya ganin wanda ya biya. Mu da labarin ke iso mana ta fassara a rediyo, kuskuren asali muke gada. Don haka duk sanda aka ce "talla", mai karatu ya tambaya: wa ya biya, kuma wane kwafi ake nufi?